Sitent ɗin zuciya da aka sa wa mahaifina a Kano: abin da na gani cikin shekara biyu

Shekara biyu ke nan da aka sa wa mahaifina sitent, wato 'yar ragar ƙarfe mai riƙe jijiya a buɗe, a jijiyar zuciya a wani asibiti mai zaman kansa a birnin Kano, kuma tun da mutanen ƙauyenmu na ƙasar Ringim suka fara tambayata ko su ma su kai majinyatansu, na ga ya dace in faɗi ra'ayina a fili. Baba manomi ne mai hawan jini da ciwon sukari. Ya daɗe yana kukan nauyin ƙirji idan ya yi huɗa ko ya hau keke, mu kuwa muna ɗauka gyambon ciki ne, har ranar da ciwon ya kama shi yana zaune, gumi ya jiƙa masa riga.

Aikin kansa ba ni da abin kushewa a cikinsa. Likita ya zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu har zuwa zuciya, ya gano inda kitse ya toshe hanyar jini, ya buɗe wurin da ɗan balan-balan, sannan ya bar wata 'yar ragar ƙarfe da za ta riƙe jijiyar a buɗe. Idon Baba biyu aka yi komai, ɗakin yana da tsabta, ma'aikatan jinya suna da haƙuri, bayan kwana uku kuma aka sallame mu. Kuɗin ne dai ya girgiza gida, domin sai da shanun huɗa biyu suka tafi kasuwa.

Sitent ɗin da aka sa masa irin mai sakin magani ne, an lulluɓe shi da maganin everolimus wanda yake hana nama tsirowa ya sake matse jijiyar. A 2003 Amurka ta amince da sitent mai sakin magani na farko, kuma amfaninsa ba ƙarya ba ne, domin da tsohon sitent na ƙarfe zalla jijiyar mutum 20 zuwa 30 cikin 100 takan sake ƙuntacewa, da wannan kuwa ba su kai 10 ba. Sai dai maganin da yake hana tsiron naman shi ne kuma yake jinkirta warkewar cikin jijiyar, ƙarfen ya daɗe bai rufu ba, jini kuma yana iya daskarewa a kansa ya toshe hanyar farat ɗaya, ko da bayan shekara ne. Sababbin samfura sun rage wannan haɗari sosai, amma idan ya auku yakan zo da bugun zuciya mai tsanani, kuma babban abin da yake jawo shi shi ne barin shan maganin hana daskarewar jini kafin lokaci.

A nan ne asibitin ya ba ni takaici. Takarda aka miƙa mana da Turanci, babu wanda ya zaunar da Baba ya ce masa da Hausa asfirin da clopidogrel, magungunan hana daskarewar jini, su ne ran wannan ƙarfe, zai haɗa su biyun har wata 12, sannan ya ci gaba da asfirin. A wata na huɗu clopidogrel ya ƙare, kemis ɗin ƙauye ba shi da shi, Baba kuma ya ji ƙarfi a jikinsa ya ce ai ya warke. Kwana biyar ya yi bai sha ba kafin in sani, kuma har yau idan na tuna gabana yana faɗuwa. Allah ne kaɗai ya tsare.

Haɗari na biyu zubar jini ne, shi ma mu muka gano shi da kanmu. Gwiwa ta dame shi, aka sayo masa diclofenac, cikin mako guda bayan gidansa ya zama baƙi, alamar jini yana zuba a ciki. Da muka koma Kano likitan ya duba shi da kyau, ya hana shi irin waɗannan magungunan ciwon jiki, ya ƙara masa maganin kare ciki, ya kuma gargaɗe mu kan ƙahon wanzami da cire haƙori ko kowace tiyata ba tare da saninsa ba. Bayanin ya gamsar da ni, amma a ranar sallama ya kamata mu ji shi.

Sitent bai warkar da cutar ba, wuri ɗaya ya buɗe, kitse kuma yana iya sake taruwa a cikinsa ko a wata jijiyar bayan shekaru, shi ya sa Baba yake kan atorvastatin mai rage kitse a jini da maganin hawan jini da na sukari, ana kuma gwada masa ƙoda.

Wanda likita ya tabbatar masa yana buƙatar aikin, zan ce ya je wannan asibiti, domin hannunsu yana da kyau. Amma kada ya baro Kano sai da maganin aƙalla wata uku a jaka, da lambar wayar da zai kira idan ƙirji ya motsa da dare, da kuma mutum ɗaya a gida wanda zai riƙa ƙirga ƙwayoyin. A gidanmu ƙanwata ce take wannan aiki, kullum bayan sallar asuba.