Keken yara na jika 24: wata huɗu, faci bakwai

Bayan ƙaramar salla na shiga Kasuwar Dole ta Damagaram na saya wa ɗana keke, irin ƙaramin nan na Sin mai taya inci 16, ja, da 'yan tayoyi biyu a gefe. Mai shago ya ce jika 30, wato sefa dubu 30, muka yi ta ciniki har ya sallama a 24. Shekarar yaron 5, kuma na gaji da ganinsa kwance kan tabarma da wayar uwarsa tun la'asar har magariba.

Ƙarfen keken ba laifi, birki yana kamawa, sarƙa ba ta zamewa. Ƙararrawa kwana uku ta yi ta mutu. Robar cikin taya kuwa kamar leda, ga tsidau ko'ina a unguwarmu. Faci bakwai muka yi, kowane dala 40, wato sefa 200, har mai facin ya san sunan yaron.

Inda nake da magana shi ne 'yan tayoyin gefe. An yi su don daɓen siminti, mu kuma rairayi gare mu. Da zarar yaro ya shiga wuri mai ɗan kwari, sai su biyun su tokare, babbar tayar baya ta tashi tana juyawa a iska, yana ta taka feda bai motsa ba. Kuma muddin suna nan, jingina yake yi da su, bai koyi riƙe kansa ba. Bayan sati biyu na kai wa mai gyara ya kwance su, ya cire feda, ya sauke sirdi har tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa. Ya yi kwana shida yana tura kansa da ƙafa kamar agwagwa, sannan aka mayar da feda.

Ya faɗi, ba sau ɗaya ba. Ranar da ya kuje gwiwa Inna ta fito da faɗa: "So kake ka karya mini miji?" Na ce, "Inna, duwatsun Birni fa muke hawa ba takalmi, muna dira." Ta ce Allah ne ya tsare. Aka wanke ciwon da sabulu, kafin ta gama mita angon nata ya koma kan keke. Abin da na lura, tun daga ranar da kansa yake rage gudu in ya doshi kwanar gidan maƙwabcinmu, abin da na yi ta faɗa masa da baki bai ji ba.

Wurare biyu ne na hana: bakin kwalta, saboda 'yan kabu-kabu da adaidaita ba sa ganin ɗan guntun mutum, da bakin tafki in damina ta sauka. Kujewa tana warkewa cikin mako, waɗannan kuwa ba a gwaji da su. Lokacin bazara ma sai bayan la'asar, don sirdin baƙi ne, rana na dukansa sai ya ƙona ɗuwawu.

Mai niyyar saye ya duba ƙusoshi tun a shago, nawa biyu sun zo a kwance, ya kuma sa a canza robar ciki kafin ya bar kasuwa. Jiya yaron ya dawo da ƙarangiya cike da wando, yara uku na biye da shi suna jiran ɗani, yana tambayata yaushe za a ɗaga masa sirdi.