Hidimar ELECAM: rajista ba laifi, amma auna Garwa da sauran ƙasa sai an sha wuya

Duk mai son sanin ko mutanen Garwa sun fi sauran 'yan Kamaru fitowa zaɓe, da alƙaluman ELECAM zai yi aiki, hukumar zaɓen ƙasar da dokar 2006 ta kafa.

Rajistarta ta cancanci yabo. Kyauta ce, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta, amma a shekarar zaɓe ana rufewa da zarar an kira masu zaɓe. Ka cika shekara 20, ka zo da katin ɗan ƙasa, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Katin da mai shi bai karɓa ba, ana kai shi rumfarsa ranar ƙuri'a.

Wajen lissafi ne aikin ke da rauni. A zaɓen shugaban ƙasa na 2011 kashi 65.82 suka fito, a 2018 aka sauko 53.85, wato kusan mutum miliyan 3.6 cikin miliyan 6.7 masu rajista. Sai dai rikicin yankuna biyu masu Turancin Ingilishi ne ya ja wannan adadi ƙasa, don a Arewa maso Yamma fitowar ko kashi 10 ba ta kai ba. Idan ka ga Garwa ta haura matsakaicin ƙasa a 2018, kada ka yi saurin murna. Ware yankunan nan biyu tukuna, sannan ka sake rabawa.

Na biyu, gunduma-gunduma ake karanta sakamako. Gundumar Binuwai ta haɗa ƙananan hukumomin Garwa uku da Pitoa, Lagdo, Bibemi da sauransu, birni da ƙauye a buhu ɗaya. Kafin ka tsamo birnin shi kaɗai, sai ka tattara takardun sakamakon rumfuna, kowace rumfa masu zaɓenta ba su wuce 500 ba, kuma galibi a hannun wakilan jam'iyyu takardun suke.

Kundin masu rajista na birni kuma yakan kumbura: ɗalibin da ya gama ya tafi, ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, mamacin da ba a goge ba. Duk a matsayin waɗanda suka ƙi fitowa ake ƙirga su. Wanda kuwa ba shi da katin ɗan ƙasa, bai ma shiga lissafin ba.

Abin da ya kamata hukumar ta yi shi ne ta riƙa sa sakamakon kowace rumfa a intanet, tare da adadin masu rajistarta.