Wata takwas da git-flow: sunayen rassanmu sun daidaita, amma da sauran aiki

Mu huɗu ne muke rubuta manhajar lissafin kaya ta wani babban shagon magani a nan Garwa. Biyu sun yi karatu da Faransanci a Ngaundare, ni na koyi aikin da Turanci, na huɗun kuma ƙanenmu ne mai koyon aiki da yake turo nasa daga Marwa. Aikinmu a Git muke ajiye shi, wato manhajar da ke adana tarihin duk canjin da aka yi, inda kowa yake tsaga nasa layin aiki da ake kira reshe. Kafin mu ɗauki git-flow, wato tsarin buɗe rassa da raɗa musu suna, duk wanda ya duba jerin rassanmu sai ya riƙe baki. Akwai correction-facture, akwai fix_login2, akwai gyara-rasit, akwai wani da aka sa wa suna sabo kawai, ga kuma sabo-sabo a ƙarƙashinsa. Ranar da mai shago ya kira cewa rasit yana fitar da kuɗi ba daidai ba, na yi kusan awa ɗaya ina neman reshen da gyaran yake ciki. Ashe yana cikin sabo-sabo. Daren nan na ce a'a, wannan ba tafiya ba ce.

Git-flow ya samo asali ne daga tsarin da Vincent Driessen ya bayyana a Janairun 2010, daga baya aka yi masa ƴan umarni da ake ɗorawa kan Git. A kwamfutata mai Ubuntu, apt install git-flow ya wadatar. Sai ka buga git flow init, ya tambaye ka sunan babban reshe, wato wanda ke hannun masu amfani, da na reshen da ake tara aiki, wato develop, da kalmomin da za su riƙa zuwa a gaban kowane suna. Daga nan idan ka ce git flow feature start rasit-sefa, shi da kansa zai tsaga reshe daga develop, ya raɗa masa feature/rasit-sefa, ya kai ka ciki. In ka gama, finish ya haɗe aikin, ya goge reshen. Gyaran gaggawa kuwa hotfix ne: daga babban reshe yake fita, in an kammala ya koma babban reshe da develop duka biyun, har ya manna lambar fitarwa. Wannan na ƙarshen shi ya fi burge ni, domin sau biyu a baya muna gyara matsala a wurin mai shago mu manta ba mu mayar da gyaran cikin aikinmu ba, bayan sati uku ta sake dawowa.

Abin da ya sa na tsaya a kansa shi ne ba ya neman intanet. Na gwada umarnin gh issue develop na GitHub, shafin da ake ajiye aikin Git a intanet, kuma gaskiya yana da kyau: yana ɗauko lambar ƙorafin da aka rubuta a shafin da takensa ya haɗa suna, ya ɗaure reshen da ƙorafin. Amma sai da rezo, wato hanyar intanet, yake aiki. Mu kuwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya kai zafi, wuta tana ɗaukewa, rezo yana bin ta, sai mutum ya zauna da batirin kwamfuta kaɗai. A irin wannan hali git-flow yana buɗe reshe yana rufewa ba tare da ya tambayi kowa ba, in rezo ya dawo ka tura.

Sai dai kan sunan kawai yake gyarawa, wutsiyar tana hannunka. Sati biyu da farawa na ga feature/sabo. Na kira ƙanen namu, ya ce, "Yaya, ai na bi tsarin." Kuma gaskiyarsa ce, ya bi. Dole muka zauna muka yanke: lambar aikin a gaba, kalmomi biyu ko uku, ƙananan baƙaƙe, karan ɗori a tsakani, ba ƙ ba ɗ ba é. Git yana karɓar waɗannan baƙaƙen, ba ya karɓar sarari ko alamar tambaya ko ɗigo biyu a jere, amma mu muka ga wanda ke da allon rubutu na Faransanci yana wahalar buga ƙ, ni kuma ina wahalar é. Harshe kuwa mun bar kowa da nasa, tunda lambar tana gaba. Ƙananan baƙaƙen ma da dalili: Git yana ajiye sabon reshe a matsayin fayil, kuma Windows ba ya bambanta Feature da feature, alhali Linux yana bambantawa, biyu daga cikinmu kuma Windows suke amfani da shi. Don tsare wannan doka na rubuta ɗan gajeren pre-push, wato umarnin da Git yake gudanarwa kafin a tura aiki, mai hana tura duk reshen da ya saɓa, na ajiye shi cikin rumbun aikin, kowa ya nuna wa Git inda yake da saitin core.hooksPath.

Wani abin da ya ba mu wahala: amsoshin git flow init a kwamfutar mutum suke zama, ba sa bin rumbun in an kwafa. Duk wanda ya shigo sabo sai ya sake yi, in ya amsa daban kuma an koma gidan jiya. Yanzu mun rubuta umarnin a shafin farko na aikin.

Shi kansa Driessen a 2020 ya ƙara bayani cewa masu manhajar yanar gizo da ake sabuntawa kullum gara su bi hanya mai sauƙi irin GitHub flow. Na yarda da shi, don ɗan shafin da na yi wa wata makarantar Islamiyya ban sa masa develop ba, nauyi ne kawai. Amma manhajar shagon sai mun je da ƙafa mun ɗora ta a kwamfutoci uku, wata ɗaya ko biyu kafin a sake, kuma dole mu san wace lamba ce a kowace kwamfuta. A wannan aikin git-flow ya zauna daram. Wata mai zuwa za mu kai ta reshen shagon da ke Kusuri, kuma reshen shirin fitarwa, release/1.4, yana nan a buɗe yana jiran gwajin ƙarshe.