Dream Songs na Hisaishi ko async na Sakamoto? Ga abin da na gani

Ƙanena, tunda kuɗin ɗaya gare ka kuma ka tsaya tsakanin faifan kiɗan nan biyu na makaɗan Japan, Dream Songs na Joe Hisaishi da async na Ryuichi Sakamoto, sayi na Hisaishi kawai. Duk biyun ina da su. Ɗaya kwalinsa har ya tsage don yawan ɗauka, ɗayan kuwa sai na yi lalube a durowa kafin in gane inda yake.

Bari in ba ka labarin da ya sa ba na ko jayayya a kai. Wata ƙaramar Sallah muka kama hanyar Katsina daga Kano, Hajiyarmu tana gaba, yara uku a baya suna ta rigima kan wanda zai zauna bakin taga. Na gaji da tsawa, sai na tura faifan. Fiyano ya fara a hankali, wannan kiɗan da ake kira One Summer's Day. Kafin mu wuce Bichi motar ta yi tsit. Hajiya, wadda a wajenta kiɗan da babu waƙa a kai ɓata lokaci ne, ta juyo ta ce, "Wannan bawan Allah wa ya rasu masa?" Na ce ai kiɗan katun ɗin yara ne. Ta ce, "To ko a katun ɗin ma an yi wa wani rashi." Kuma ba ta yi nisa da gaskiya ba, don na fim ɗin Spirited Away ne na 2001, labarin yarinyar da aka raba ta da iyayenta. Ban dai gaya mata cewa aladu iyayen suka rikiɗa suka zama ba. Sau uku ta sa na maido shi baya kafin mu shiga gari.

Abin da mutumin nan ya iya ke nan. Yana ɗauko karin da ko yaro zai iya bi da baki, ya fara da fiyano shi kaɗai, sannan goge-goge su shigo ɗaya bayan ɗaya, har ka ji abin ya cika ɗaki ba ka san lokacin da ya cika ba. Yana saurayi ya shaƙu da salon nan na maimaita ɗan gajeren kari ana sauya shi kaɗan-kaɗan, kuma har yau za ka ji alamar a hannunsa. Sunansa na yanka Mamoru Fujisawa, haifaffen lardin Nagano a 1950. Sunan da duniya ta san shi da shi kuwa daga na makaɗin Amurka Quincy Jones ya murɗo shi zuwa Jafananci. Tun 1984, da fim ɗin Nausicaä, yake yi wa Hayao Miyazaki, mai shirya finafinan katun irin su Spirited Away, kiɗa, kuma ba su rabu ba har fim ɗinsa na 2023.

Dream Songs ya fito a 2020, faifai biyu ne cikin kwali ɗaya, kuma daɗinsa shi ne bai tsaya kan na Miyazaki kaɗai ba. Akwai na katun ɗin Totoro da yarana ke tsalle a kai, akwai Merry-go-round na fim ɗin Howl, sannan akwai na finafinan Takeshi Kitano, musamman Summer na Kikujiro, 1999, wanda fiyanonsa ke ɗan tsalle-tsalle kamar yaro a ranar da aka ba da hutu. Wanda ya fi kama ni shi ne na Departures. Fim ne kan wani mai kaɗa babban gogen nan mai kaurin murya, da ya rasa aiki ya koma sana'ar shirya gawa kafin a sa ta a akwati; ya ci kyautar Oscar a 2009. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen suturta nasa zai ji wannan kiɗan a ƙirji. Abu ɗaya da zan faɗa maka tun yanzu: da yawa daga ciki sabon shiri ne, wasu fiyano zalla, wasu da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, don haka kada ka ce ai ba haka ka ji shi a fim ba. Ni ma hakan ya fi min.

Shi kuma async, to. Ba na raina Sakamoto, wane ni. Mutumin da ya ci Oscar da kiɗan The Last Emperor na 1987, wanda tun 1980 ya yi wani kiɗa ya sa masa suna Riot in Lagos. Amma ni karin Merry Christmas, Mr. Lawrence ne ya ruɗe ni, na zaci duk kayansa haka suke. Da na sa async sai na ji takun ƙafa a kan busasshen ganye, da fiyanon da igiyar ruwan tsunami ta 2011 ta lalata a Japan, da muryoyi suna magana a kan juna. Maiɗakina ta leƙo ta tambaya ko sifikar ce ta samu matsala. Ya fitar da shi ne a 2017 bayan jinyar sankarar maƙogwaro, kuma masana na yabonsa sosai; ni dai sau biyu na ji shi har ƙarshe, na biyun ma don kada kuɗina su tafi a banza ne. In ranka ya nace sai Sakamoto, nemi wanda ake kira 1996, fiyano da goge biyu, a nan sanannun kaɗe-kaɗensa suke.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa, don ni an taɓa yi min. Wani mai sayarwa a intanet ya tallata min "duk kiɗan Ghibli", wato kamfanin katun ɗin su Miyazaki, a faifai uku da kuɗin da bai kai na asali guda ba. Kwaɗayi ya ja ni, na tura kuɗi. Da kaya suka iso, hoton kwalin dishi-dishi, rubutun ya karkace, kuma rabin abin da ke ciki wani ne can daban yake kwaikwayon Hisaishi da fiyanon lantarki. Na kira lambar, a kashe. Araha dai ba ta ado.

Don haka ka buɗe ido. Dream Songs na gaskiya yana ɗauke da tambarin Decca, ka ce a turo maka hoton bayan kwalin da na fuskar faifan kansa, ba hoton da aka kwafo daga wani shafi ba. In an ce maka bugun Japan ne sabo fil, ka tambayi 'yar siririyar takardar nan da suke naɗawa a gefen kwali, obi suke ce mata. Wanda ya fara kame-kame a kanta, rabu da shi. Sannan ba duk abin da aka manna wa hoton Totoro ne na Hisaishi ba. Kiɗan Grave of the Fireflies ba nasa ba ne, waƙar ƙarshe ta Spirited Away ma Youmi Kimura ce ta yi ta. Akwai kuma abin da suke kira image album, wanda yakan fito tun kafin a gama fim. Na halak ne, amma wasu sukan miƙa maka shi a matsayin ainihin kiɗan fim ɗin. Masu tura waƙoƙi a waya kuwa, kwaikwayo ne ya fi yawa a kwamfutocinsu, su kansu ba su sani ba.

Kada ka biya sai kaya sun zo hannunka ka juya su. In ya iso, fara da faifai na biyu, da daddare, bayan yara sun kwanta. Async kuwa in kana son ji, zo ka ari nawa, ba sai ka yi saurin dawo da shi ba.