Patreon a kan ma'auni: abin da yake yi wa mai fasaha mai zaman kansa

Duk wanda ya taɓa dogara da zane ko waƙa ko rubutu wajen ɗaukar nauyin kansa, ba tare da albashin wata ma'aikata ba, ya san cewa abin da ya fi hana shi barci shi ne rashin tabbas. Wani watan aiki yakan zo masa har ya rasa lokacin hutu, sai watanni biyu su biyo baya babu wanda ya neme shi, alhali kuɗin haya da na intanet da na kayan aiki ba sa jiran ranar da masu riƙe da haƙƙinsa za su tuna da shi. Ko da jimillar abin da yake samu a shekara ta isa, zuwan kuɗin a rarrabe yakan jefa shi cin bashi da karɓar aikin da bai dace da shi ba a farashin da bai kamata ya yarda da shi ba. Wannan matsala ce dandalin Patreon ya ce ya zo ya magance, kuma a kanta nake so in auna shi, a matsayina na mai zane da ya daɗe yana amfani da shi.

An kafa Patreon a shekarar 2013 a birnin San Francisco na Amurka. Waɗanda suka kafa shi su ne Jack Conte, wanda mawaƙi ne, da Sam Yam, masanin manhaja da suka zauna ɗaki ɗaya a Jami'ar Stanford. Conte ya sha ba da labarin yadda ya kashe kimanin dala 10,000 wajen shirya bidiyon waƙa guda, yana sane da cewa abin da tallan YouTube zai mayar masa ba zai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba. Daga nan ya yi tunanin cewa maimakon a jira masu talla, gara a tambayi masu kallon kai tsaye ko za su riƙa biyan wani abu. A farko ana biya ne a kan kowane aiki da aka fitar, amma yanzu tsarin ya karkata ga biyan wata-wata: mai fasaha yana buɗe shafi, ya tsara matakan biya, misali na dala 3 da na dala 10, ya faɗi abin da kowane mataki zai samu, masoyansa kuma su sa katin bankinsu a riƙa cira.

Babban alherin dandalin, wanda a ganina shi kaɗai ya isa hujjar gwada shi, shi ne cewa mutum yana iya buɗe shafinsa a farkon wata ya ga kusan adadin da zai shigo masa kafin watan ya ƙare. Wanda bai taɓa rayuwa babu albashi ba zai iya raina wannan, amma ga mai zane da ya saba lissafin kwana da kwana, sanin cewa akwai wani kuɗi, ko da kaɗan ne, da zai dawo wata mai zuwa da wanda ke bayansa, yana sauya yadda yake yanke shawara. Yana iya ce wa mai son a yi masa aiki da araha a'a ba tare da gabansa ya faɗi ba. Yana iya fara dogon aiki na watanni shida, wanda a da ba zai kuskura ya taɓa ba domin babu mai biyansa sai ya gama. Idan aka kwatanta da sauran hanyoyin samu a intanet, bambancin a fili yake. YouTube ba ya fara raba kuɗin tallan dogayen bidiyo da mutum sai ya tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara guda (ko kuma kallon gajerun bidiyo sau miliyan 10 cikin kwanaki 90), Spotify kuma tun 2024 ba ya biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin watanni 12 ba. Waɗancan suna biya ne gwargwadon yawan jama'a, shi kuwa Patreon gwargwadon ƙaunar 'yan kaɗan, tunanin da marubuci Kevin Kelly ya yaɗa tun 2008, inda ya nuna cewa masoya na haƙiƙa 1,000 da kowannensu ke kashe dala 100 a shekara sun isa su riƙe mai fasaha.

Kayan aikin da ke cikin shafin ba su da wuyar sarrafawa. Ana iya ɗora hoto da sauti da bidiyo a kulle su ga wani mataki kaɗai, ana iya bai wa masu shirin sauti hanyar saurare ta musamman ga masu biya, ana iya haɗa shafin da manhajar hira ta Discord, kuma tun 2023 akwai damar shiga kyauta da kuma shagon sayar da aiki ɗai-ɗai ga wanda ba ya son biyan wata-wata. Duk wannan yana aiki yadda ya kamata, ba ni da dogon zance a kansa.

Inda ya kamata a zauna a yi lissafi shi ne la'ada. Da farko kashi 5 cikin ɗari kamfanin ke ɗauka. A 2019 ya raba tsarin gida uku, na kashi 5 da na 8 da na 12, sannan daga watan Agustan 2025 duk sabon mai buɗe shafi kashi 10 ake cire masa. Bayan wannan akwai kuɗin sarrafa biya, wanda ga mai karɓar dalar Amurka ta kati yake kashi 2.9 haɗe da santi 30 (santi 100 ne dala ɗaya) a kan kowane biyan da ya haura dala 3. A ɗauki masoyi guda da ke ba da dala 5: santi 50 na kamfani ne, kimanin santi 45 na masu sarrafa kati, abin da ya rage bai wuce dala 4 da 'yan santi ba. Mutum 100 a wannan mataki suna nuna dala 500 a fuskar shafi, amma abin da ke hannun mai fasaha kusan dala 405 ne, tun kafin a cire kuɗin canjin kuɗi idan masoyin da wani kuɗin daban ya biya, da kuɗin tura shi zuwa asusu, da harajin da ƙasar mai fasahar ke bin sa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar ke nan ya tafi. Ban ce zalunci ba ne, domin karɓar ƙananan kuɗi daga ƙasashe da yawa da tattara harajin saye a madadin mutum aiki ne mai wahala da ba kowa zai iya yi da kansa ba, amma wajibi ne mai fasaha ya gina kasafinsa a kan abin da ya rage, ya kuma lura cewa santi 30 ɗin nan ya fi cin ƙaramin biya fiye da babba.

Akwai kuma abin da tallan dandalin ba ya faɗa da ƙarfi, wato cewa ba ya kawo wa mutum masoya. Ko da yake kamfanin ya ƙara hanyoyin nuna wa jama'a sababbin masu fasaha a 'yan shekarun nan, har yanzu mafi yawan masu biya daga wani wuri suke zuwa, inda suka riga suka san aikin mutum suka saba da shi. Wanda ya buɗe shafi ba shi da mabiya a ko'ina zai zauna yana kallon sifili, kuma wannan sifilin yana karya zuciya fiye da rashin shafin gaba ɗaya. Ko a cikin masu bin mutum da yawa, ƙalilan ne ke sa hannu a aljihu. Saboda haka aikin kyauta da ake fitarwa a sauran dandali ba ya tsayawa don an buɗe Patreon. Ƙaruwa ma yake yi, domin shi ne ƙofar da sababbi ke shigowa ta cikinta su maye gurbin masu fita. Masu fita kuwa kullum akwai su. Wani ya rasa aiki, wani ya gaji, wani katinsa ne ya ƙare ko bankinsa ya ƙi biya bai ma sani ba, sai ka ga sunansa a jerin waɗanda biyansu bai shiga ba, ka tsaya kana tunanin ko ka tura masa saƙo ko ka yi shiru don kada ya ɗauka roƙo ne.

Haɗarin da na fi ganin yana kayar da masu fasaha a nan ba daga kamfanin yake ba, daga tsarin matakan yake. Shafin yana ba ka damar ƙirƙirar matakai da yawa, kuma mai jin kunyar karɓar kuɗi hakanan yakan cika kowane mataki da alkawura domin ya ji ya cancanci abin da ake ba shi: zane na musamman ga kowane mai biya, bidiyon bayan fage kowane mako, hira kai tsaye kowane wata, kati da za a aika ta gidan waya. Alkawari kaya ne, kuma wannan kayan kowane wata ake sake ɗaukarsa. A duba mai zane da ya yi wa masu biyan dala 15 alkawarin ƙaramin hoton fuskarsu duk wata. Idan mutum 20 suka shiga, kowane hoto kuma yana cin sa'a biyu, ya sayar da sa'o'i 40, wato cikakken makon aiki, a kan dala 300 da ba a cire la'ada ba tukuna, littafin zanen da aka taru domin a tallafa masa ya gama kuma yana ajiye babu mai taɓa shi. Ya gudu daga mai gida ɗaya ya faɗa hannun iyayen gida ashirin. Abin da na lura da shi, kuma sauran masu sana'ar da nake hulɗa da su suna faɗin haka, shi ne cewa yawancin masu biya ba don ladan suke biya ba; so suke aikin ya ci gaba, kuma ganin zanen da bai kammala ba ko jin waƙa mako guda kafin kowa ya ishe su. Matakai biyu ko uku, waɗanda ladansu ke fitowa daga aikin da dama za a yi, sun fi matakai bakwai riba da kwanciyar hankali. Da dandalin yana gargaɗin sababbin shiga a kan wannan da irin ƙarfin da yake ƙarfafa su su ƙara lada, da na ƙara masa daraja.

Sai batun dogaro da gidan wani. A watan Disambar 2017 kamfanin ya sanar da cewa zai mayar da kuɗin sarrafa biya kan masoya, kashi 2.9 da santi 35 a kan kowane alkawarin biya, abin da ya sa masu ba da dala ɗaya-ɗaya ga mutane da yawa suka fara janyewa nan take. Cikin kwanaki kaɗan aka soke shirin, Conte ya nemi afuwa, amma ba duk waɗanda suka tafi ba ne suka dawo. A watan Nuwamban 2024 kuma Apple ya tilasta a riƙa bi ta hanyar biyansa ga sababbin masu shiga ta manhajar iPhone, inda yake ɗaukar kashi 30, aka bar wa mai fasaha zaɓin ya ƙara farashi a manhajar ko ya haɗiye asarar. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Darasin a aikace shi ne a riƙa nuna wa masoya su yi rajista ta shafin intanet maimakon manhaja, a kuma riƙa sauke jerin sunaye da adireshin imel na masu biya lokaci zuwa lokaci, damar da dandalin ya bayar kuma ya cancanci yabo a kanta. Kafin a buɗe shafi ma ya kamata mutum ya tabbatar da cewa ɗaya daga cikin hanyoyin cire kuɗi, irin su PayPal ko Payoneer ko tura wa banki kai tsaye, tana aiki a ƙasar da yake zaune, kuma wanda ba Ba'amurke ba zai cike takardar haraji ta W-8BEN.

Patreon ba shi kaɗai ba ne a fagen, kuma ba kowa ya dace da shi ba. Wanda masoyansa suka fi son ba da kyauta sau ɗaya zai fi jin daɗin Ko-fi, wanda ba ya cire la'ada daga irin wannan kyautar. Mawaƙin da ke da kundin waƙoƙi na sayarwa zai fi samun riba a Bandcamp, inda ake cire kashi 15 a kan sauti da kashi 10 a kan kaya. Mai babban aiki guda da ke buƙatar jari a dunƙule, kamar buga littafi, Kickstarter ya fi masa, muddin ya yarda da sharaɗinsa na cewa idan ba a kai adadin da aka nema ba, ba a karɓar ko santi. Patreon ya fi dacewa da mai fitar da aiki a kai a kai, kamar mai zanen barkwanci na mako-mako ko mai shirin sauti ko marubucin labari mai fita kashi-kashi, wanda ya riga ya tara mutanen da ke tambayar lafiyarsa idan ya yi shiru.

Ga irin wannan mutum ina ba da shawarar dandalin ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya ɗauke shi a matsayin abin da zai rufe masa kuɗaɗen da ba sa canzawa, haya da intanet da kayan aiki, ya bar sayar da aiki da kwangila da koyarwa su cike sauran. Wanda kuwa bai tara mabiya ba tukuna, gara ya jinkirta buɗe shafin, ya ci gaba da fitar da aikinsa a fili yana tattara imel na masu sha'awa, har ranar da wasu daga cikinsu za su fara tambayarsa da kansu ta wace hanya za su taimaka.