Shagon tura waƙar rock a Agadas, inda musu ba ya ƙarewa

Shekara shida ke nan ina jan mota tsakanin Tawa da Agadas, kusan kilomita 400 na ramuka da ƙura, kuma wanda ya san wannan hanya ya san ba a yin ta sai da abin da zai hana ido rufewa. Ni kiɗan rock ne maganin barcina. Saboda haka na sha yawo shagunan masu tura waƙa a memori, har na tsaya a wani ɗan shago da ke kusa da babbar kasuwa, ban sake zuwa wani wuri ba.

Abin da ya bambanta shi, mai shagon yana sauraron abin da yake sayarwa. A wasu wuraren sai ka ce rock, a cika maka memori da duk abin da aka yi da Turanci. Shi kuwa ya ware kowace ƙungiya da jakarta a kwamfuta, ya jera su bisa shekaru. Jika ɗaya na ba shi ya cika mini memorin, sauti tas, ganga ba ta fashewa a sifikar mota ko na ƙure murya.

Sai dai ba don memori kaɗai nake zama ba. Akwai benci a ƙofar, akwai shayi, akwai musu. Mai shagon ɗan Beatles ne na gani-kashe-ni. Hujjarsa ita ce samari huɗu daga Liverpool sun juya kiɗan duniya cikin shekara goma, suka watse a 1970, kuma duk wanda ya zo bayansu a kan tabarmarsu ya zauna. Wani dattijo tsohon malamin makaranta ya ce masa, "Yaro, wanda ya daɗe shi ne gwani." Shi Rolling Stones yake nufi, waɗanda suka fara a Landan a 1962, kuma ko rasuwar mai gangarsu Charlie Watts a 2021 ba ta sauke su daga dandali ba.

Na ce masa, "Baba, ina girmama ka, amma daɗewa daban, nauyi daban." Ni a wurina Led Zeppelin ne, kuma saboda ganga. Mu da muka tashi da kalangu da tambari mun san hannun da ke duka da gaske, kuma hannun mai gangarsu John Bonham irin wannan ne, kana jin dukan a ƙirjinka kafin kunne. Da ya mutu a 1980 sauran ukun ba su ɗauko wani sun ci gaba ba, suka rufe ƙungiyar. Wannan halacci yana taɓa ni har yau.

Ranar da musun ya fi zafi, wani saurayi Buzu da ke kiɗan jita a bukukuwan aure ne ya rufe mana baki. Ya ce duk muna kallon nesa. Ya sa aka kunna Jimi Hendrix, gwanin jita ɗan Amurka, sannan aka kunna Mdou Moctar, ɗan nan ƙasarmu. Dukansu bahagwai ne a jita. Ya tuna mana cewa a Sakkwato Mdou ya yi rikodin farko a 2008, kuma ta wayoyi da memori irin wannan waƙoƙinsa suka bazu kafin Turawa su san shi. Ga Bombino ɗan Agadas, ga Tinariwen, ƙungiyar Buzayen Mali da suka ci lambar yabon kiɗa ta Grammy a 2012. Tun daga ranar mai shagon ya buɗe musu jaka kusa da ta Zeppelin, ni ma na sa aka ƙara mini.

Inda ya gaza, kwamfutarsa ta tsufa. Idan aka ɗauke wuta sai ka jira awa guda ko fiye, kuma sau ɗaya na tarar waƙa uku sun yanke a tsakiya. Da na dawo ya sake tura mini bai karɓi ko dala ba. Idan za ka je, ka je da safe kafin rana ta take, ka tafi da memorinka sabo, don ba ya sayarwa.