Aikin ƙaba: da raga ko ɗinki zalla?

Wa'alaikumus salam Malam. Tunda likita ya ba ka zaɓi tsakanin raga da ɗinki zalla a aikin ƙabar da za a yi maka, ka ce a sa maka raga.

Yayana ɗan dako ne a babbar kasuwar Garwa, buhunan masara da gyaɗa yake ɗauka, kuma da raga aka yi masa nasa aikin. Wurin kawai aka kashe da allura, idonsa biyu har aka gama. Washegari da ƙafarsa ya shigo gida. Da ya cika hutun da likita ya ɗibar masa ya koma bakin dako, kuma har yau kumburin bai sake leƙowa ba, alhamdu lillahi. Mutumin da a da ko tari zai yi sai ya dafe mara! Ita ragar shimfiɗa ta ake yi a inda bangon mara ya yi rauni, nama ya tsiro ya riƙe ta, ba sai an ja tsoka da ƙarfi an haɗe ba.

Masana ma sun tabbatar. Nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken likitanci, ta fitar a 2018 ya nuna raga tana rage dawowar ƙaba da kusan rabi. A Yuganda kuma an gwada maza 302, rabi aka sa musu ragar kamfani mai tsada, rabi ragar gidan sauro da aka tsabtace a tukunyar tururi ta asibiti. Sakamakon ya fito a 2016: bayan shekara guda mutum ɗaya ne ƙabarsa ta dawo a masu ta arahar, sauran matsalolin kuwa kusan daidai suke. Saboda haka kar wani ya tsorata ka da cewa sai mai tsada. Amma fa wannan ragar ba irin wadda ake rabawa mai maganin sauro ba ce, kar kowa ya yanko ta ɗakinsa. Ka kuma sani wajen mutum ɗaya cikin goma yakan daɗe yana jin ciwo a wurin bayan aikin ƙaba, ka tambayi likitanka a kan haka.

Ɗinki zalla dai shi aka yi wa kawuna, ta dawo, aka sake yanka shi. A hannun gwanin salon Shouldice, wato wani salo na ɗinki zalla, ba laifi, amma gwanayen ba su da yawa.

Sai ka yi hattara da masu tallar magani da lasifika ranar kasuwa, masu rantsuwa cewa jiƙonsu yana narkar da ƙaba. Ƙarya ce wallahi, ɓula ce a tsoka, ba ta toshewa da abin sha. Idan kuma aka ce ka sayo ragar da kanka, ka je kantin magani mai rajista, ka duba ledar a like take kuma wa'adinta bai wuce ba.

Kafin ranar aikin, in kumburin ya ƙi komawa ciki, ga ciwo mai tsanani ga amai, ko tsakar dare ne a kai ka asibiti, hanji ne ya maƙale. Allah Ya sa a yi a sa'a.